Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

A ɗakin malamai na makarantarmu akwai wata kujerar katako kusa da taga, wadda har yau ba na iya zama a kanta. Mai ita ya riga mu gidan gaskiya shekara biyu da suka wuce, yana da shekara 52 a duniya. Allah Ya jiƙansa da rahama. Shi ya tarbe ni ranar da aka turo ni makarantar ina sabon fitowa daga kwalejin ilimi, shi ya koya mini cika rajista da riƙe aji mai yara fiye da 80. Ba zan ambaci sunansa ba saboda iyalinsa.

Kusan shekara uku ya yi yana fama da abin da shi da mu duka muke kira basir. Yakan ga jini idan ya kewaya, cikinsa ya ɗaure yau gobe ya saki, rigunansa suka soma yi masa yawa. Gorar jiƙo ba ta rabuwa da jakarsa. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai ya je asibiti, likita ya duba shi, ya rubuta masa takarda ya je a leƙa hanjinsa da na'ura, aikin da likitoci ke kira kolonoskofi. Takardar nan ya ninke ta huɗu ya cusa a bayan rajistar ajinsa. Wata rana muna haɗa sakamakon jarrabawa ta faɗo ƙasa, na ɗauka na karanta.

"Malam, wannan fa? Ai tun watan jiya aka rubuta ta."

Ya karɓe ta ya mayar inda take. "Ƙanena, da girmana da furfurata in je yaro sa'an ɗana ya kwantar da ni ya zura mini roba ta ƙasa? Bar ni da jiƙona."

Ɗakin ya ɗauki dariya, har wani ya ƙara da barkwanci irin namu na maza. Ni ma da ni aka yi dariyar. Bayan wata 14 aka kwashe shi cikin dare zuwa asibiti, hanji ya toshe, ciwon kuma ya riga ya kai hanta. Wannan dariyar ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Abin da nake so in faɗa wa 'yan uwana malamai da iyalanmu shi ne, a sha'anin wannan bincike, abin da ke cikin zuciyar majiyyaci yana da nauyi daidai da abin da ke cikin hanjinsa. Kuɗi matsala ne, nisan asibiti ma matsala ne, ban musa ba. Amma marigayin yana da takarda a hannu, yana da 'ya'ya masu aiki da za su iya biya, asibitin kuma tafiyar awa ɗaya ce a mota. Kunya da tsoro ne suka tsare shi, mu abokan zamansa muka taya su gadi. Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida. A nan su biyun suke haɗuwa su tare ƙofa ɗaya.

Ya kamata mu fara da sanin abin da ake tsoron, domin na lura yawancinmu labarinsa muke ji daga bakin wanda shi ma bai taɓa gani ba. Tsawon babban hanjin mutum ya kai kimanin mita ɗaya da rabi. A bangonsa na ciki wani lokaci ƙananan tsiro kan fito, wani kamar ƙwayar dawa, wani kamar gyaɗa. Yawancinsu ba sa cutarwa, amma wasu a hankali suke rikiɗewa su zama sankara, rikiɗar kuwa takan ɗauki shekaru, sau da yawa goma ko fiye. Galibi duk tsawon wannan lokaci mutum ba ya jin komai a jikinsa. Ita na'urar doguwar roba ce mai lanƙwasa, kaurinta kamar na yatsa, da fitila da kyamara a bakinta. Ana shigar da ita ta dubura, a hura iska kaɗan domin hanjin ya buɗe, likita yana kallon allo. Idan ya ga tsiro yakan cire shi nan take ta cikin robar, ba tare da an tsaga ciki ba. Aikin kan ɗauki minti 30 zuwa awa ɗaya, kuma yawanci ana yi wa mutum allurar da za ta sanyaya masa jiki ta rage zafi. Wanda aka duba aka sami hanjinsa lafiya lau, kuma babu tarihin ciwon a gidansu, sai bayan shekara 10 ake buƙatar ya sake. Akwai haɗari, kamar zubar jini bayan cire tsiro ko hujewar hanji, sai dai ba kasafai suke faruwa ba, kuma haƙƙin majiyyaci ne a faɗa masa su kafin ya sa hannu.

Ciwon da ake farauta da wannan na'ura ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum fiye da miliyan 1.9 ne suka kamu da sankarar hanji da dubura, fiye da dubu 900 suka mutu. Ita ce ta uku a yawa cikin ire-iren ciwon daji, ta biyu a kisa. A 2021 kwamitin ƙwararru na Amurka ya sauko da shekarun fara bincike daga 50 zuwa 45, saboda ana ƙara ganin ciwon ga waɗanda ba su tsufa ba. Ita ce ta kashe ɗan fim ɗin nan Chadwick Boseman a 2020 yana da shekara 43, ita ce kuma Pele ya yi fama da ita har ya rasu a ƙarshen 2022. Likitocinmu a Najeriya sun daɗe suna kokawa cewa masu wannan ciwo a makare suke zuwa, bayan ya ci jiki. Sakataren reshe ya duba rajistar membobi ya gaya mana, mu nawa ne muka haura 45?

Maɓoyarmu ta farko kalma ce guda, wato basir. Ban san wata kalma mai faɗinta ba a likitancin Bahaushe. Ciwon baya basir ne, kasala basir ce, kumburin ciki basir ne, raunin namiji a shimfiɗa shi ma basir ne. Daɗin kalmar ga zuciya shi ne ba ta da abin kunya, tunda kowa ya yarda yana da nasa, maganinta yana da arha, kuma ba a cewa ta kashe wani. Wanda ya ce wa kansa "basir ne" ya sami izinin yin barci. Gaskiya ne basir ciwo ne na haƙiƙa, kuma yawancin masu ganin jini shi ne ke damunsu. Amma jini ba ya zuwa da takardar shaidar inda ya fito, kuma mutum ɗaya yana iya ɗauke da basir da sankara a lokaci guda. Sai an duba ake rarrabewa. Wani abin mamaki da na daɗe ina juyawa a raina: mai tallar maganin basir yakan kafa lasifika a tasha ko bakin kasuwa, ya riƙa zayyana kalmomin da ko a gaban sa'anka ba ka faɗa, muna tsaye da manyan riguna muna murmushi muna miƙa kuɗi. Amma a ɗaki rufe, a gaban likitan da ya yi rantsuwar riƙe sirri, sai bakinmu ya yi nauyi.

Ba na cikin masu raina kunya. Ita muke koya wa yara tun daga aji ɗaya, kuma al'ummar da ta rasa ta ta yi babbar asara. Sai dai kunya an yi ta ne domin ta kare mutuncin mutum, kuma na ga yadda mutuncin marigayin ya kasance a watanninsa na ƙarshe, sa'ad da 'ya'yansa da ƙannensa ke ɗaga shi suna gyara masa shimfiɗa. Abin da ya ƙi likita ɗaya ya gani na rabin awa, gida guda ya gani na wata uku. Malaman addini sun daɗe da bayyana cewa larurar magani ta halatta wa likita ganin abin da ya zama dole ya gani, gwargwadon buƙata. A wurin aikin ma ba tsirara ake yi wa mutum ba. Kwance yake a gefensa na hagu, an lulluɓe shi, inda za a yi aikin kaɗai ake buɗewa.

Ga mu maza akwai ƙarin wani nauyi da ba mu cika furtawa ba, wato jin cewa shigar da wani abu ta wannan gurbi tauye mazantaka ne. Daga nan barkwancin ɗakin malamai yake fitowa, kuma barkwancin nan yana da dafi, domin mai fama da ciwon yana zaune yana saurare, yana auna abin da za a faɗa a kansa idan aka ji ya je. Ga 'yan uwanmu malamai mata kuwa tudun ya fi tsawo. Sai ta fara samun bakin da za ta gaya wa maigida, sannan ta nemi izini da kuɗi, sannan ta yi zullumin ko likitan namiji ne. Da yawa sukan jingina jinin da haihuwar da suka yi shekaru baya, su yi shiru. Ya kamata kowace malama ta san tana da ikon tambaya ko akwai likita mace, tana kuma da ikon neman ma'aikaciyar jinya ta tsaya tare da ita daga farko har ƙarshe. Mu mazaje kuma mu sani, matar da ta iya buɗe baki ta faɗi wannan magana ta daɗe tana juya ta a ciki.

Shi kuwa tsoro ya fi kunya zurfi. Akwai tsoron zafi, wanda shi ne mai sauƙi. Babban shi ne tsoron abin da za a gano. Nan ne ake cewa "gara ban sani ba", nan ne kuma tsohuwar maganar nan ke shigowa, wai daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi sai ya bazu. Na yi tunanin inda wannan magana ta samo ƙarfinta. Mutum yakan zauna da ciwo har ya gama cin jikinsa, sannan a kai shi asibiti, a yi aiki, ya rasu bayan 'yan makonni. Maƙwabta su ce wuƙar likita ce ta kashe shi. Na gaba da ya ji haka sai ya ƙara jinkiri, shi ma ya je a makare, shi ma ya zama hujja ga na bayansa. Wanda aka cire masa ɗan tsiro ya koma aji bayan kwana biyu ba ya ba da labari, saboda kunya, don haka labarin matattu kaɗai muke ji. Wasu kuma sukan fake da ƙaddara, su ce in kwana ya ƙare babu likitan da zai ƙara. Haka ne. Amma mai faɗin haka shi ne yake gyara birkin babur ɗinsa kafin ya hau titi, shi ne yake ɗaukar ɗansa a guje zuwa asibiti idan zazzaɓi ya yi tsanani. Sai a kan wannan gaɓa ɗaya ta jiki tawakkalinsa yake cika.

Akwai wata hujja da ba zan yi mata dariya ba, domin hujjar malamin firamare ce tsantsa. Wani abokin aikina ya ce mini, "Malam, in aka duba aka ce ita ce, da wane albashin zan yi magani? Ka ga na sayi baƙin ciki da kuɗina." Wannan magana tana da nauyi, kuma duk wanda ya taɓa kai 20 ga wata da aljihu wayam ya san nauyinta. Amsar da nake da ita ita ce, lissafin ya sha bamban gwargwadon lokacin da aka je. Cire tsiro aikin yini ɗaya ne. Sankarar da aka kama da wuri ana iya yanke ta mutum ya warke. Wadda ta bazu ita ce mai cinye gona da fili da kuɗin sallama, sannan sau da yawa ta tafi da mai su. Iyalin marigayin sun sayar da filin da ya yi shekaru yana tanadi a kai.

Kada a zaci ina magana ne daga kan tudu. Bara, ina da shekara 46, ni ma na ga jini sau biyu. Duk da abin da na gani da idona, sai da na yi mako shida ina ce wa kaina basir ne. Uwargidana ce ta lura na daina cin yaji ina yawan shiru, ta tsare ni bayan yara sun kwanta.

"Malam, irin ta abokinka za ka yi mana?"

Washegari na je asibiti. Ranar da aka ba ni lokaci, ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ni ta yi mini bayanin shiri dalla-dalla: abin da zan daina ci kwanaki kafin ranar, yinin da ba zan ci abinci mai nauyi ba sai ruwa da abin sha marar kauri, da yadda zan sha maganin wankin ciki. Ina ta gyaɗa kai ina cewa to. Da na fito bakin ƙofa na nemi kalma ɗaya a kaina na rasa. Sai na tuna abin da aka koya mana a kwaleji a darasin halayyar ɗan Adam, wanda kuma kowannenmu yake gani kullum a aji: yaron da ke kallon bulala ba ya jin darasi, ko da idonsa na kan allo. Na haɗiye girman kai na koma na ce, "Sista, don Allah ki maimaita, wannan karon zan rubuta." Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin idan hanji bai wanku sosai ba likita ba zai ga bangonsa da kyau ba, tsiro na iya ɓuya, ko a ce mutum ya sake dawowa ya sake biya. Fargaba kaɗai tana iya ɓata aikin tun daga gida.

Daren shan maganin ya fi aikin kansa wuya, kuma gara a faɗa wa mutum gaskiya tun da wuri. Gidanmu maƙewayi ɗaya ne, da yara biyar da ƙanwar uwargida. Na sayi kurar ruwa guda daga 'yan garuwa, na shiga na fita har na daina ƙirgawa, alwala kuwa sai da na yi ta sakewa. Yara suna tambayar uwarsu me ya sami Baba. Sannan dole ka tafi da ɗan rakiya, saboda bayan allurar ba a yarda ka tuƙa mota ko babur ba sai washegari, wato dole wani ya san sirrinka. A wurin jira wani ma'aikaci ya ɗaga murya ya kira sunana haɗe da sunan aikin da za a yi mini, a gaban mutane cike da benci, har na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Aikin kansa kuwa kaɗan nake iya tunawa: ɗan murɗawar ciki, da muryar likita, matashi ne da bai fi sa'an ƙanena ba, yana cewa, "Malam, ja numfashi a hankali, mun kusa." An sami basir ɗin da gaske, an kuma sami tsiro ɗaya ƙarami aka cire. Kwana 12 na yi ina jiran sakamakon ɗakin gwaji, ina koyar da lissafi a aji huɗu zuciyata na wani wuri. Ya fito babu sankara, amma irin tsiron da kan iya rikiɗewa ne in an bar shi.

Su ma asibitoci suna da nasu rabon a wannan al'amari. Binciken likitoci ya nuna cewa wanda ya shiga a firgice yakan fi jin zafi, kuma bayani mai gamsarwa kafin aiki yana rage fargaba. Takardar shiri da Hausa, kiran mutum da lamba maimakon shelar cutarsa, labule mai rufuwa, minti biyar na sauraron tambaya, duk waɗannan ba sa buƙatar kasafin kuɗi.

Na san wani zai ce ai na'urorin kaɗan ne, ƙwararrun ma kaɗan ne, yawancinsu a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, don haka ba zai yiwu kowane malami ya bi layi ba. Na yarda, kuma ba abin da nake kira gare shi ke nan ba. A Ingila ta gidan waya ake aika wa masu manyan shekaru ɗan kayan gwajin bahaya duk shekara biyu, wanda ke gano jinin da ido ba ya gani, sai wanda nasa ya nuna alama ake kira a leƙa hanjinsa. Irin wannan gwaji ya fi arha nesa ba kusa ba, kuma shi ne matakin da ya dace wanda ya haura 45 kuma ba ya jin komai ya tambayi likita a kai. Waɗanda bai kamata su jira ba su ne mai ganin jini, da wanda yanayin bayan gidansa ya canza ya ƙi komawa daidai har makonni, da mai ramewa ba dalili, da wanda aka ce jininsa ya yi ƙasa ba a san inda yake tafiya ba. Haka kuma wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan uwansa na jini ya yi ciwon, shi ana ba shi shawarar ya fara tun yana 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano na ɗan uwan nasa. 'Ya'yan marigayin suna cikin wannan sahu, na kuma je har gida na gaya wa babban.

A Amurka wata fitacciyar 'yar jarida, Katie Couric, wadda wannan ciwo ya kashe mijinta a 1998 yana da shekara 42, ta yarda aka nuna ana yi mata binciken a talabijin a shekarar 2000. Masu nazari sun gano cewa bayan haka yawan masu zuwa a duba su ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100. Ba sabuwar na'ura aka ƙirƙiro ba, mutum ɗaya da aka sani ne ya yi magana. A ƙauyuka da unguwannin da muke aiki, malamin makaranta ne ake kawo wa takardar asibiti ya karanta, shi ake tambaya ko a je ko kada a je. Abin da muka yi wa dariya, gari zai yi masa dariya.

Saboda haka ina roƙon shugabannin reshe su gayyato likita a taronmu na gaba, a ware wa malamai mata zama nasu da ma'aikaciyar lafiya mace, domin akwai tambayoyin da ba za su fito a gaban maza ba. Asusun taimakon juna ya buɗe ƙofar rance na gaggawa don gwajin lafiya, ba tare da an tilasta wa mutum ya zayyana cutarsa a gaban kwamiti ba. A nemo mana amsa a rubuce ko kuɗin da ake cira daga albashinmu na tsarin lafiya ya ƙunshi wannan bincike, in bai ƙunsa ba a sa shi cikin buƙatunmu. Hedimastoci kuma su ba da kwana biyu, na shiri da na aiki, da takardar likita kawai, ba tare da titsiye ba.

Malamar da ta gaji ajin marigayin ta tsinci takardar nan a bayan tsohuwar rajista, a ninke huɗu kamar yadda ya bar ta, ta kawo mini. Tana wurina. Zan zo taron reshe da sakamakona da hoton tsiron da aka cire mini, ga duk mai son gani. Wanda kuma yake da tambaya a kan daren shan magani, ko yake neman ɗan rakiya da ba zai kai labari ɗakin malamai ba, ya same ni bayan an tashi.